Yadda Baba Sai-Jibi Ya Ajiye Basilla

A kan wani titi mai yawan zirga-zirga, tsakanin kantin magani da shagon mai gyaran agogo, akwai wani dattijo mai ɗinkin takalma da kowa ke kira Baba Sai-Jibi. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk wanda ya kawo masa aiki, ko da ɗinki biyu ne, sai ya juya takalmin ya ƙura wa tafinsa ido, sannan ya ce, "Ka dawo jibi." A tsallaken titin, daidai saitin ƙofarsa, akwai rumfar wani shumeka da ake kira Yanzu-Yanzu. Shi kam kafin ka gama gaisawa ya shafa gam, ya buga ƙusa, ya goge, ya miƙo maka abinka.

Shekara ashirin da biyu suna kallon juna, ba abin da ke haɗa su sai ɗaga hannu da safe. Yanzu-Yanzu yakan ce wa masu zama a rumfarsa, "Ni a wuni ɗaya sai in sallami mutum arba'in. Tsohon can kuwa ƙafa ɗaya yake lallaɓawa tun ranar Litinin, kai ka ce ƙwai aka ba shi ajiya." Ya san dai cewa masu shiga shagon Baba ba irin nasa mutanen ba ne. Akasarinsu da ɗingishi suke zuwa, wasu da sanda, wasu a kan keken guragu. Amma bai taɓa damuwa ya san abin da ake yi musu a ciki ba.

Wata ranar Talata da hantsi, yana cikin manna dunduniyar wani takalmin mata, sai ya ga Baba ya tsallako titi riƙe da 'yar kujerarsa. Ya ajiye ta a bakin rumfar, ya zauna, suka gaisa kamar dama sun saba.

"Maƙwabci, na zo in gaya maka zan bar aiki," in ji Baba.

"Ashsha. Lafiya dai? Yaushe?"

"Nan da shekara shida, in da rai."

Yanzu-Yanzu ya yi dariya har da buga cinya. "Haba Baba, har barin aikin ma sai jibi?"

Dattijon ya yi murmushi, ya miƙo hannunsa na dama ya shimfiɗa a iska. Da fari ba a ga komai ba. Can sai babban yatsan ya fara wani ɗan motsi shi kaɗai, kamar mai murza tsakuwa.

"Likita ya duba ni," in ji shi. "Ya ce ciwon rawar jiki ne, ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Shekarata sittin da huɗu. Ɗana direban jirgin ƙasa ne, 'yata malamar makaranta, kuma kowannensu yana son aikinsa. Ba zan ɗora musu basilla dole ba. Amma ina da mutum kusan ɗari biyu da ba za su iya shiga kanti su sayi takalmi ba. In na rufe shago haka kawai, na zaunar da su a gida ke nan. Shi ya sa na zo wurinka."

"Ni? Ni ai mai faci ne."

"Shekara ashirin da biyu ina kallon hannunka daga can. Ban taɓa ganin ka buga ƙusa sau biyu a wuri ɗaya ba. Ka fi ni hannu nesa ba kusa ba. Ido ne ba ka da shi, kuma ido ana koyarwa."

Yanzu-Yanzu ya ji yabon ya yi masa daɗi, ya kuma ji zagin ya soke shi. Yana da shekara arba'in da takwas, da 'ya'ya har jami'a, a ce ya koma ɗan koyo? Ya ce zai yi shawara. Da ya ba matarsa labari a gida, tana wanke-wanke, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Kullum sai ka kawo mini zancen mutumin nan, shekara da shekaru. Ka je ka ga abin da yake yi mana, ko kunnena ya huta."

Washegari ya tsallaka titin. Gaban shagon ba wani abin kallo: keken ɗinkin fata, teburi, fatu a naɗe, warin gam. Sai Baba ya ɗaga labule ya ce ya shigo ɗakin baya. Nan Yanzu-Yanzu ya tsaya cak. Bango huɗu, daga ƙasa har rufi, ƙafafun katako ne a rataye bibbiyu. Babu guda biyu masu kama da juna. Wata ta murɗe ciki, wata ba yatsu, wata tana da tudu a gefe kamar curin ƙasa, wata 'yar mitsitsiya an haɗa ta da ƙatuwa a igiya ɗaya. Kowace Baba ne ya sassaƙa ta da hannunsa daidai da ƙafar mai ita, ya liƙa mata guntayen fata a wuraren da suka kumbura da tafiyar shekaru.

Baba ya bi su yana taɓawa ɗaya bayan ɗaya. "Wannan ta wani tela ce, shan inna ya same shi yana ƙarami. Wannan ta wata nas, mota ta taka ta. Waɗannan bakwai ɗin duk na mutum ɗaya ne, tun tana 'yar shekara uku nake mata takalmi, yanzu ita ke yanke hukunci a kotu."

Yanzu-Yanzu ya sake bin bangon da kallo. Ashe duk shekarun nan da yake yi wa tsohon shaƙiyanci, abin da ke bayan labule ke nan. Sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu, bai ma san ya cire ba.

A hankali, suna aiki, ya ji tarihin dattijon. A masana'antar takalma ya fara, yana saurayi, inda inji ke fitar da dubu a rana duk kamarsu ɗaya. Yayarsa kuwa an haife ta da ƙafa ɗaya gajeriya, tana tafiya kafaɗa na karkata, har bayanta ya fara ciwo tun ba ta yi talatin ba. Ya riƙa tsintar ragowar roba da soso a masana'antar yana ƙara mata tudu a tafin takalmi. Sau goma sha ɗaya yana ɓatawa. A na goma sha biyu ta tashi ta taka daga ƙofar ɗaki zuwa bakin famfo a miƙe, ta juyo ta ce masa, "Ashe haka kuke ji?" Da aka rufe masana'antar, abokansa suka watse neman wani aikin, shi kuwa ya kama wannan shagon.

Wata shida na farko Baba bai bar shi ya taɓa fata ba. Da safe Yanzu-Yanzu ya yi facinsa a rumfa, da yamma su zauna a benci suna kallon masu wucewa.

"Matar can mai jaka, me ke damunta?"

"Sauri take."

"Gwiwar hagu. Dubi yadda take jefa ƙafar waje. Mutumin can fa?"

"Shi lafiyarsa lau."

"Takalminsa ya matse shi, kunya ce ta hana shi ɗingishi."

Tun yana ganin abin kamar duba, har ya fara gani da kansa. Ya wayi gari in aka miƙo masa takalmi a rumfa, sai ya tsinci kansa yana juya shi yana karanta inda tafin ya cinye, kamar mai karanta wasiƙa.

A shekara ta biyu ya ɗinka takalminsa na farko, na wata tsohuwar malamar makaranta mai ciwon suga. Ya yi kyau ƙwarai, har mai gyaran agogo ya leƙo yana yabawa. Baba ya tafi asibiti ranar da ta zo karɓa, Yanzu-Yanzu kuwa ya ga ba amfanin ta yi sawu biyu, ya ba ta. Bayan kwana tara 'yarta ta zo ta ce an kwantar da ita, gyambo ya fito mata a ƙaramin yatsa.

Baba ya karɓi takalmin, ya zura hannu ciki, ya rufe ido. Sannan ya kama hannun Yanzu-Yanzu ya tura masa ciki. Can a lungu akwai wani ɗan ƙullin zare, bai kai ƙwayar gero ba.

"Ni da kai, da mun taka sau uku za mu cire takalmin," in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ita ba ta ji. Ciwon ya kashe mata jin ƙafa. Kwana tara tana tafiya a kansa tana sa maka albarka."

Baba ya ajiye takalmin. Ya rufe shago da rana tsaka, suka tafi asibitin tare. A gaban gadon, Baba ne ya fara magana, ya ce laifinsa ne da bai duba ba. Yanzu-Yanzu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa ya ce, "Mama, hannuna ne ya ɗinka, ni na ba ki. Ki yafe ni." Malamar ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Na koyar shekara talatin da biyar. Wanda ya ce ni ne, shi ke iya karatu daga baya. Tashi ka auna ni kuma." Allah ya sa yatsan ya warke ba a yanke ba. Tun daga ranar, ba takalmin da ke fita daga hannunsa sai ya shafa cikinsa ido rufe, sau biyu.

Abin da ya ƙara ba shi mamaki shi ne, koyar da shi ɗin ashe reshe ɗaya ne kawai na shirin dattijon. Tun yana ɗan arba'in Baba ya sayi wani fili a bayan gari, lokacin da ba kowa can sai awaki. Yana gina ɗaki ɗaya ya huta shekara biyu, ya ƙara wani. Yanzu shi da matarsa suna zaune a gefe guda, ɗakuna uku na haya a ɗaya gefen, a tsakar gida kuma lemo da gwaiba da ya dasa da hannunsa. Ya shigar da kansa da matarsa inshorar lafiya tun ciwon bai bayyana ba. Maganar shago kuwa, ya kira ɗansa da 'yarsa, suka zauna gaban lauya tare da Yanzu-Yanzu: kekuna da kayan aiki da ƙafafun katako duk za su koma hannunsa, shi kuma zai riƙa ba Baba kashi ɗaya cikin biyar na abin da aikin ya kawo muddin ransa, in ya riga matarsa tafiya a ci gaba da ba ta.

"Baba, ai ko ba takarda ba zan ci amanarka ba," in ji Yanzu-Yanzu.

"Na sani. Takardar ba don mu ba ce, don 'ya'yanmu ce, kada su yi faɗa a kan abin da ba su ji da kunnensu ba."

Har zaman gida sai da ya koya wa kansa. A shekarar farko ya daina zuwa ranar Alhamis, a ta biyu ya ƙara Laraba. Ya ce ya ga abokansa da yawa sun bar aiki rana ɗaya, wata shida ba su cika ba suka kwanta. Wata rana sai ga matarsa, wadda Yanzu-Yanzu ke kira Inna, ta zo shagon da kanta.

"Ɗana, don Allah ka nemo masa abin yi ranar Laraba," in ji ta. "Ya shiga kicin ya jera mini tukwane daga babba zuwa ƙarama. Ya wasa wuƙaƙena har ina tsoron taɓa su. Jiya na same shi yana auna ƙafar kaza."

Baba daga bayan keke ya ce, "Tana ɗingishi ne."

Daga baya ya koma kan lambu, yana cewa hannu mai rawa ya fi kowane iya yayyafa iri.

Mutanensa kuma bai miƙa su a dunƙule ba. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa kai Yanzu-Yanzu gidajensu, yana cewa, "Ga wanda zai riƙe ƙafarka bayana." Wasu suka karɓa, wasu suka yi kuka. Wani tsohon soja da ya rasa rabin tafin ƙafarsa ya ce atafau. "Wannan mai facin tsallaken titi? Gara in koma sanda." Yanzu-Yanzu ya ba da shawara a ɓoye cewa shi ya ɗinka, a ce wa sojan aikin Baba ne. Baba ya girgiza kai. "In muka fara da ƙarya, ranar da ya gane ya rasa mu duka biyu." Ya koma ya ce wa sojan, "Shi zai ɗinka, ka sa mako guda. In ya cije ka, ni zan sake maka da hannun nan, ko zai ɗauke ni wata uku." Sojan bai dawo da ƙorafi ba, bai kuma taɓa yabawa ba. Bayan wata biyu dai ya aiko da fata baƙa, ya ce a yi masa na zuwa taro.

Shekara shidan ba ta cika ba. A tsakiyar ta biyar, wata safiya, Baba yana yanka fata sai wuƙar ta kufce, ta tsaga fatar gida biyu, ta shafi gefen yatsansa. Raunin ba wani babba ba ne. Ya tsaya yana kallon jinin yana ɗiga a teburi. Sannan ya goge wuƙar, ya haɗa ta da basillarsa da ya shekara arba'in yana riƙewa, ya tura su gaban Yanzu-Yanzu.

"Na tsara shida, ashe huɗu da rabi aka rubuta mini," in ji shi. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Mako uku bai leƙo ba. Da Yanzu-Yanzu ya je gidan, Inna ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Ba ya cin abinci sosai. Lambun ma ya bari." Ya same shi zaune ƙarƙashin lemo, ya danne hannun dama da na hagu a kan cinya.

"Na shirya komai, maƙwabci," in ji Baba, bai ɗago ba. "Gida, asibiti, shago, mutane. Abu ɗaya na manta. Ban san zan ji kewar warin gam ba."

Yanzu-Yanzu bai iya lallashi ba, bai ma gwada ba. Ya buɗe jakarsa ya fito da wasu takalma da suka sha tafiya ya ɗora masa a cinya. Na wani mai gadi ne da aka yi wa aiki a ƙugu. Sau biyu yana ɗinka masa, mutumin yana dawowa da ciwon baya.

"Na auna, na sake aunawa, ƙafafun daidai suke. Na rasa gane kansa."

Baba ya juya takalman. Hannun yana rawa, amma idon ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallo.

"A kwance ka auna shi?"

"A kwance."

"Auna shi a tsaye, bayan ya wuni a bakin aiki. Ƙugun ne ke sauka in ya gaji. Ƙara masa kaurin fata biyu a hagu, kada ka kai uku." Ya ɗago kai ya kira matarsa. "Akwai sauran abincin nan?"

Haka aka yi, kuma haka ya kasance. Daga nan Baba ya riƙa zuwa shago ranar Asabar kawai, ba ya taɓa komai, sai dai ya zauna ya duba, ya faɗi nasa. Sauran kwanakin yana lambu. Ya ɗauki Inna suka shiga jirgin da ɗansu ke tuƙawa, karo na farko a rayuwarsa da ya yi tafiya ba don ta'aziyya ko asibiti ba, ya dawo yana ba da labarin wata gada har mutane suka haddace.

Bayan shekara uku ya zame a banɗaki ya karya ƙugu. Da aka sallamo shi daga asibiti, labari ya bazu, mutane suka yi ta zuwa dubiya. Yanzu-Yanzu ya iso da la'asar, sai ya kasa wuce bakin ƙofar falon. Takalman baƙi ne a zube, sun cika barandar har sun gangara tsakar gida. Wani tafinsa ya fi na ɗan'uwansa kauri da yatsa uku, wani an yi masa baki mai faɗi, wani da maɗauri har ƙwauri. Ya san kowane da mai shi. Wasu aikin Baba ne da suka shekara goma ba su mutu ba, fiye da rabi kuwa nasa ne. Daga ciki yana jin muryar sojan nan yana gardama da tsohuwar malama a kan wa ya fi daɗewa da sanin mai gidan. Ya tsaya a wurin ya fi minti biyar.

Da ya shiga, Baba yana kishingiɗe a doguwar kujera, ya rame, hannayensa biyu suna rawa a kan bargo. An ajiye shi inda yake hango baranda ta ƙofa. Bai bari sun gama gaisawa ba ya yafito shi kusa.

"Takalmi ruwan ƙasan can na kusa da tukunyar fulawa, na wa ne?"

"Na nas ne, Baba."

"Dunduniyar dama ta ci ta waje. Tun ɗazu nake kallonta, ta hana ni jin abin da ake faɗa. Da kayan aiki a jakarka?"

"Akwai."

"To me kake jira?"

Nas ɗin ta ce a bari, ba komai, za ta kawo shago. Baba ya ce ba inda za ta da wannan dunduniya. Inna ta kawo tabarma ta shimfiɗa a baranda, Yanzu-Yanzu ya naɗe hannun riga ya zauna a tsakiyar takalman, ya ciro guduma. Nas ta koma ta zauna ƙafa ba takalmi, aka ƙaro mata shayi.